Almakashin da Bai Saurari Zance Ba

Ɗauki wannan jimla: "Ba Audu ne ya ci kuɗin masallaci ba." Mai faɗinta wanke Audu yake yi. To a cire gaɓa ɗaya daga farko, a cire ɗaya daga ƙarshe. Abin da ya rage shi ne, "Audu ne ya ci kuɗin masallaci." Muryar mutumin ce, bakinsa ne ya motsa, ba a ƙara masa ko wasali ɗaya ba, kuma duka abin da aka zubar bai kai daƙiƙa guda ba. Amma mai kare Audu ya koma mai tuhumarsa. In aka je gaban alƙali, wanda ya yi yankan zai iya dafa Alƙur'ani ya rantse cewa bai sa wa kowa magana a baki ba, kuma a zahirin lafazi bai yi kaffara ba.

Haka Hausa take. Korewarta tana zama ne a bakin jimla ta gefe biyu, daidai inda almakashi ke fara ci. Ba ita kaɗai ba ce. Akwai "wai", wadda da ita mutum ke nesanta kansa daga zancen da ba nasa ba. Akwai "da a ce", akwai "in har", akwai "sai dai", akwai uwarsu duka, "amma". Ƙananan kalmomi ne, ba sa ɗaga murya, ba wanda ke yin kabbara idan an furta su. Su ne kuwa ke riƙe da mutuncin mai magana, domin su ke bambanta abin da ya faɗa da abin da ya kawo don ya rushe.

Abin da ya sa nake wannan lissafi shi ne irin manhajojin da suka yawaita a 'yan shekarun nan, masu aiki da ƙirƙirarriyar basira, waɗanda sana'arsu ita ce mayar da dogon bidiyo guntaye. OpusClip na cikin waɗanda suka yi suna tun daga 2023, akwai Vizard, akwai Klap, CapCut ma da ke wayar kusan kowane ɗan TikTok ta shigo da irin wannan aiki. Yadda suke yi ba sihiri ba ne. Za ka ba manhaja bidiyon awa biyu, ko adireshinsa na YouTube. Ta fara mayar da maganar rubutu, kowace kalma da lokacin da aka furta ta. Sai ta bi rubutun tana neman wuraren da ta ƙiyasta za su riƙe mai kallo: jimlar da ke buɗewa da ƙarfi, tambaya mai tsokano, labari mai ban dariya, wurin da murya ta hau. Ta yanko goma ko ashirin, ta tsuke hoton daga faɗi zuwa tsaye don ya cika fuskar waya, ta bi fuskar mai magana duk inda ya karkata, ta jera kalmominsa da manyan haruffa a ƙirjinsa, in ka so ta share shiru da in-ina. Wasu har maki suke ba kowane guntu, daga sifili zuwa kusan ɗari, gwargwadon yadda suke hasashen zai bazu. Kafin ka gama shan shayi aikin ya kammala.

Yanke magana ba sabon abu ba ne, kuma mugun yanka bai jira na'ura ba. A watan Maris na 2010, wata ma'aikaciyar ma'aikatar gona ta Amurka a jihar Jojiya, Shirley Sherrod, baƙar fata, ta yi jawabi a taron ƙungiyar NAACP. Ta ba da labarin abin da ya faru a 1986, lokacin tana aiki da wata ƙungiya mai taimakon manoma. Wani farar fata da ake shirin ƙwace gonarsa ya zo neman taimako, ita kuma zuciyarta ta ƙi ba shi cikakken ƙarfinta, tana tuna yadda baƙaƙe da yawa suka rasa gonakinsu. Farar fata ne ya harbe mahaifinta a 1965. Ranar 19 ga Yuli, wani ɗan jaridar intanet, Andrew Breitbart, ya wallafa gutsuren jawabin a matsayin hujjar wariyar launin fata. A ranar aka tilasta mata ajiye aiki. Ita kanta ƙungiyar da aka yi jawabin a taronta ta fito ta yi tir da ita. Washegari cikakken bidiyon, mai minti 43, ya fito, sai ga shi labarin na tuba ne: ta dawo ta tsaya wa manomin har gonarsa ta tsira, kuma darasin da take ba jama'a shi ne talauci bai san launi ba. Manomin da matarsa suka fito a talabijin suna kare ta. Fadar shugaban ƙasa ta ba da haƙuri, ministan gona ya ba da haƙuri, aka yi mata tayin wani muƙami ta ƙi karɓa.

Abin lura a labarin shi ne yawan manyan mutanen da suka yanke hukunci a kan minti biyu da 'yan kai alhali minti 43 na nan a ajiye. Ba su ji suna buƙatarsa ba, saboda ai sun gani da idonsu. Mu ma muna cewa gani ya kori ji. Karin maganar an yi ta ne a zamanin da wanda ya gani yana wurin tun farkon abu har ƙarshensa, yana iya waiwayawa dama da hagu. Mai kallon guntun bidiyo yana da tabbacin wanda ya gani, amma iliminsa na wanda aka ba labari ne, kuma mai ba shi labarin ya ɓuya a bayan fuskar wani. Idan maƙwabcinka ya zo ya ce maka "Malam wane ya ce kaza", kana auna maƙwabcin: ka san shi da ƙari, ka san ba ya ga maciji da malamin, sai ka rage wani abu. Idan bidiyo ne, ba ka ga kowa a tsakaninka da malamin ba balle ka auna shi.

To mene ne sabo, tunda mutane sun daɗe suna yi? A ganina abu ɗaya ne, kuma babba ne. A da, duk wanda zai yanki magana dole ya saurare ta. Mai kyakkyawar niyya ya saurara don ya zaɓo abin da ya fi amfani. Mai mugun nufi ma ya saurara, don sai ya san inda "amma" take kafin ya tsaya a gabanta. Shi ya san abin da ya yi, ya kwana da shi, wata rana ma yana iya jin kunya. Yanzu kuwa yaro mai kula da shafin wata makaranta, wanda ke ƙaunar malaminsa har zuciya, zai iya fitar da guntaye ashirin daga karatun da bai ji ko minti ɗaya daga cikinsa ba. In ɗaya daga cikinsu ya juya maganar malamin, babu wanda ya yi niyyar haka. Yaron bai sani ba, manhajar ba ta da niyya, kamfanin da ya ƙera ta bai taɓa jin sunan malamin ba. An zalunci mutum, kuma ka duba ko'ina ba ka ga azzalumi ba. Tarbiyyarmu ta saba da tambayar "me ka nufa?" Ga laifin da wannan tambaya ba ta kama kowa a kansa.

Malaman da suka gabata sun yi dogon tunani a kan inda ya halatta a datse magana, fiye da yadda yawancinmu muke zato. A ilimin karatun Alƙur'ani akwai fanni sukutum a kan tsayawa da farawa. Abu Amr Addani, malamin Andalus da ya rasu a shekara ta 444 bayan Hijira, ya rubuta littafi a kai, kuma malaman fannin sun kasa tsayawa kashi huɗu: cikakkiya, wadatacciya, kyakkyawa, da mummuna. Mummunar ita ce wadda ke barin ma'ana a rataye ko ta juya ta. Misalin da kowane ɗalibi ya sani shi ne aya ta 43 a Suratun Nisa'i, wadda ta fara da hani ga kusantar salla, sharaɗin kuwa, wato halin maye, yana biye. Wanda ya tsaya kafin sharaɗin bai canja harafi ba, amma ya hana abin da aka wajabta. Shi ya sa a mus'hafin bugun Madina da makamantansa za ka ga ƙananan alamomi a saman layi, wata na cewa tsaya, wata na cewa kada ka tsaya a nan. Abin da ya fi burge ni shi ne hukuncin wanda numfashi ya ƙare masa a mummunan wuri. Ba a ce ya yi laifi ba, ɗan Adam ne. An ce ya koma baya kalma ɗaya ko biyu ya haɗo, don kada mai sauraro ya tafi da rabin ma'ana. Wato uzurin mai karatu bai sauke haƙƙin mai sauraro ba.

Malaman hadisi su ma sun yi ta muhawara ko ya halatta a taƙaita hadisi, a kawo wani sashe a bar wani. Wasu sun hana gaba ɗaya. Imamu Bukhari kuwa an san shi da rarraba hadisi ɗaya a babi-babi, ya kawo a kowane babi yankin da ya dace da shi. Matsayar da rinjayen malamai suka tsaya a kai, kamar yadda Ibnus Salah da Ibnu Hajar suka bayyana, ita ce ya halatta da sharaɗi: mai taƙaitawar ya zama masani, kuma abin da ya bari kada ya zama yana da alaƙar da cire shi zai canja abin da ya kawo. Dalilinsu shi ne masani ba zai zubar da abin da ma'ana ta rataya a kansa ba, wanda bai sani ba kuwa yana iya zubar da togaciya bai lura ba. Ka ga ba su tsaya a kan niyya ba. Ba su ce mai kyakkyawar zuciya ya yanka ba. Sani suka sa gaba, kuma sanin da suke nufi ya haɗa da sanin abin da aka zubar. Na san maganar ɗan siyasa ko hirar 'yar fim ba nassi ba ce, ba na kuma haɗa su a daraja. Amma hujjar da aka gina sharaɗin a kanta hujja ce ta hankali, tana aiki a kan kowace magana da ke da farko da ƙarshe.

Wani zai ce, kuma yana da gaskiya, to a bar mutane da bidiyon awa biyu ke nan? Wa ke da datar? Wa ke da lokacin? Mai adaidaita da ke jiran fasinja, da uwar gida da ke tsakanin tukunya da yaro mai kuka, minti ɗaya suke da shi, kuma in ba a ba su alheri a cikin mintin ba, wani zai ba su shirme. Likita ya yi hirar minti arba'in a kan hawan jini a lokacin goyon ciki, mutum ɗari suka kalla. An yanko daƙiƙa hamsin inda ya lissafa alamomin da in mace ta gani ta garzaya asibiti, dubbai suka tura wa juna. Wannan yanka na iya ceton rai. Ƙaramin gidan rediyo ko malamin kimiyya da ba shi da kuɗin ɗaukar mai tace bidiyo, manhajar ta ba shi abin da a da sai manyan kafafe ke da shi. Ba na ɗaukar wannan da wasa.

Ban da haka, taƙaitawa tsohuwar al'adar karatunmu ce. Ɗalibin zaure da taƙaitattun littattafai yake tashi, Ahalari da Ishmawi da Iziyya, har ya kai ga Muhtasar na Shehu Halil, wanda sunansa ma taƙaitacce yake nufi. Sai dai a duba wa ya taƙaita. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a cikin fiƙihun Malikiyya ne, ya matse shi har ya zama kamar dunƙulen daddawa, kuma duk da haka sai da malamai suka yi ta rubuta masa sharhi mai ninkin girmansa, ba a kuma karanta shi sai a gaban malami. Taƙaitawa matsewa ce: an ɗauko daga ko'ina an haɗa wuri ɗaya. Abin da manhajar ke yi gutsura ne: an ɗauko daga wuri ɗaya an bar sauran. Mai yadi a Kantin Kwari zai iya yanko maka daga kowane gefe na bandir, duk shadda ɗaya ce. Magana kuwa ɗinkakkiyar riga ce. In ka yanko hannu ka miƙa wa mutum, yadin na gaskiya ne, amma ba ka ba shi abin sawa ba.

Matsalar ta fi tsanani idan aka duba ma'aunin da manhajar ke zaɓe da shi. Ba a gina ta don ta tambayi mene ne jigon wannan jawabi ba, ko da tana iya ƙoƙarin hakan. Abin da mai biyan kuɗinta ke so shi ne guntun da zai hana ɗan yatsa wucewa a daƙiƙa uku na farko, don TikTok da Reels da Shorts suna tura bidiyo gaba ne gwargwadon yadda mutane suka tsaya a kansa. Yanzu ka tuna yadda ake gina karatu a wurinmu. A tafsirin azumi, mai jan baƙi ya ja aya, malam ya fassara, ya kawo sababin saukarta, ya kawo maganganun malamai. Sai ya zo kan shubuha. A nan ne yake canja murya, ya shiga rigar abokin jayayya, ya faɗi hujjarsa da ƙarfi da gatse kamar shi ne, jama'a su yi dariya ko su yi salati. Bayan nan ya sauke murya ya shiga warwara a hankali, ta ɗauki minti goma, da lambobin shafi da sunayen littattafai. A cikin duka awa biyun, wane minti ne ya fi zafi, ya fi cika sharuɗɗan manhaja? Mintin da malam yake faɗin abin da bai yarda da shi ba. Lauya mai bayani a rediyo haka yake yi, malamin jami'a haka yake yi, dattijon da ke sasanta ma'aurata haka yake yi: duk mai koyarwa na ƙwarai yana aron bakin ɓata kafin ya rushe ta. Don haka kuskuren manhajar ba ya faɗuwa ko'ina kamar ruwan sama. Ya fi faɗa wa masu adalcin kawo hujjar abokin gaba.

A kan wannan sai a ƙara raunin kunnenta a Hausa. Whisper, manhajar mayar da murya rubutu da kamfanin OpenAI ya fitar a 2022, ta sa Hausa a jerin harsunanta, amma kason Hausa a muryoyin da aka horar da ita da su ɗan kaɗan ne in an gwada da Turanci. Harshenmu kuwa yana rataya ma'ana a kan karin sauti da tsawon wasali, waɗanda rubutunmu na yau da kullum ma ba ya nunawa. "Ya mutu" na labari da "ya mutu" na fatan tsiya iri ɗaya ake rubuta su, kunne ne ke raba su. Mai kallo a cikin mota ko a ofis, da ya kashe sauti yana karanta manyan haruffan da ke yawo a ƙirjin mai magana, ba shi da wannan kunnen. Malami kuma yana tsalle daga Hausa zuwa Larabci, ɗan siyasa daga Hausa zuwa Turanci, a cikin jimla ɗaya. Manhajar za ta inganta, na yarda. Amma ko ranar da ta ji Hausa kamar Bakano, ma'aunin zaɓenta yana nan yadda yake.

Akwai kuma share shiru, wanda ake tallatawa a matsayin tsafta. Wani shirun datti ne, gaskiya. Wani kuwa shi ne maganar. An tambayi kwamishina ina kuɗin kwangila suka tafi, ya yi daƙiƙa shida yana gyara hula kafin ya amsa. In aka share daƙiƙa shidan, an yi masa alfarmar da bai cancanta ba. An tambayi uba game da ɗansa da aka sace, ya yi shiru ya haɗiye wani abu kafin ya ce sun bar wa Allah. In aka share, an mayar da shi mutumin da abin bai dama ba.

To wa ke da alhaki? Manhaja ba mukallafa ba ce, ba za a tashe ta a tambaye ta ba. Kamfanonin suna da nasu kason, tunda su suka zaɓi su auna bazuwa su buga mata maki, ba su buga wa amana maki ba. Amma ni ina ganin kaso mafi girma yana kan ɗan yatsan da ya danna wallafawa, kuma "ban saurara ba" ba uzuri ba ne a nan, shi ne ainihin laifin. Wanda ya ɗora guntun bidiyo yana faɗa wa duniya, ba da baki ba, cewa ga abin da wane ya ce. Shaida ce. Mai shaidar da bai halarci abu ba, ko da abin da ya faɗa ya dace da gaskiya, sa'a ya ci. Manhajar ta rage maka wahalar nema da ta yanka da ta rubutu, wannan halal ɗinka ne. Abin da ba za ta ɗauke maka ba shi ne ka koma minti biyar kafin wurin da ta yanka da minti biyar bayansa ka ji da kunnenka, in kuma maganar mai nauyi ce, irin wadda ke taɓa aƙida ko mutuncin wani ko zaman lafiyar gari, ka ji duka. Sannan ka rubuta inda cikakken yake da ranar da aka yi shi, don tsohuwar magana da aka sake sakewa a sabon yanayi ita ma wani irin yanka ne, an yanke ta daga lokacinta. Mai turawa a zauren WhatsApp na dangi shi ma ya shiga isnadi, ko ya sani ko bai sani ba.

Na taɓa jin ana cewa ma'aunin shi ne ka tambayi kanka ko mai maganar zai yarda da guntun. Wannan bai isa ba, yana ma iya zama kariya ga masu ƙarfi. Ɗan takarar da ya yi alkawarin ruwan famfo a filin kamfe ba zai so a yanko masa wannan daƙiƙa talatin ɗin bayan shekara huɗu ba, kuma yanko ta aikin alheri ne. Mai wa'azin da ya zagi wata ƙabila a tsakiyar karatu mai kyau ba shi da haƙƙin ya ɓuya a bayan sauran awa biyun. Sau da yawa "an yanke min magana" mafaka ce ta wanda aka kama. Ma'aunin da ya fi shi ne na mai kallo. A ɗauka ya ga guntun yau, gobe ya zauna ya kalli cikakken. Zai ce, "E, haka ne, abin da ya faɗa ke nan"? Ko zai ji an yi wasa da hankalinsa? In na biyun ne, an ci amanar mutum biyu da yanka ɗaya. Kuma babu hanyar da mai wallafawa zai san amsar sai in shi da kansa ya zama wannan mai kallon tukuna.

Abin da ya fi damuna ma ba guntayen da suka ɓata ba ne, yadda masu magana suka fara gyara bakinsu don almakashi ne. Wanda ya san za a yanke shi yana koyon magana a dunƙule-dunƙule, kowace jimla ta tsaya da ƙafarta, kowace ta yi ƙara. Ya daina kawo hujjar abokin jayayya, don ya ga abin da ya sami wanda ya kawo. Ya daina cewa "malamai sun yi saɓani", don saɓani ba ya samun maki. "Wallahu a'alamu" da ake rufe fatawa da ita ta zama wutsiyar da ake datsewa don bidiyo ya shiga daƙiƙa sittin. A hankali sai a wayi gari mai tsoron Allah a magana ya zama kamar mai rauni, mai yanke hukunci ba waiwaye ya zama kamar shi ne masani. Yaron da ya tashi a kan wannan zai ɗauka haka ilimi yake, amsa ɗaya mai zafi ga kowace tambaya. Ba manhajar ce ta ƙirƙiro wannan ɗabi'a ba, amma ta sa ta yi araha, kuma abin da ya yi araha shi ke cika kasuwa.

Masu rai ke nan, su suna iya gyara baki, suna iya fitowa gobe su ce ba haka na ce ba. Akwai waɗanda ba za su iya ba. Tafsirin Shehu Abubakar Gumi na masallacin Sultan Bello da Rediyon Kaduna ya yi shekaru yana watsawa, karatuttukan Shehu Nasiru Kabara, na Shehu Ja'afar Mahmud Adam da aka kashe a Kano a watan Afrilun 2007, da hirarrakin 'yan siyasa da mawaƙa da suka riga mu gidan gaskiya, duk suna nan a intanet, awoyi bisa awoyi, kuma kowa na iya zuba su a manhaja. Sun yi maganganunsu ne ga mutanen da ke zaune a gabansu, waɗanda suka ji karatun jiya kuma za su dawo gobe, a kan rigingimun da wasunsu an manta da su. Yau ana yanko su ana jefa su cikin faɗan da aka fara bayan an binne su, kowane ɓangare da nasa guntun.

Yawancin waɗannan muryoyin a kaset aka fara adana su, kuma kaset ma yana yanke magana. Mai minti 90 yana da 45 a kowane gefe, zaren yana ƙarewa ne duk inda ya ga dama, sau da yawa a tsakiyar kalma. Sai ka ji ƙarar maɓalli ya ɗago, ɗakin ya yi tsit, wani ya miƙa hannu ya juya. Ba wanda ya taɓa tashi daga wurin yana zaton malam ya gama, don yankan a fili yake, kunne ya ji shi. Guntun da manhaja ke fitarwa an goge masa wannan tabon. An zaɓar masa jimlar da ta yi kama da farko, an tsayar da shi a inda murya ta sauka kamar ƙarshe, an sa masa take a sama da kiɗa a ƙasa, kuma da ya ƙare, kafin ka yi tunanin ko akwai saura, na wani ya riga ya fara.